Lungun karatu a ajin firamare: me kuka ga ya yi aiki?

Malamar aji 2: Assalamu alaikum malamai. Aji mai yara kusan 70, ba kabad, ba kuɗi. Yaya ake ware wurin karatu da yara za su so zama?

Malamin aji 1: Wa alaikumus salam. Malama, ki ɗauki lungun baya kusa da taga saboda haske, amma ban da bangon gabas, don ta nan ruwan damina yake bugowa. Tabarmar roba biyu sun ishi yara 8. Kada ki sa kafet. Hunturu ɗaya zai cika shi da ƙura, yara su kama tari.

Hedimasta: Babbar matsalar gara ce. Kwalin littattafai ya kwana a ƙasa hutun zango ɗaya, sai a tarar da bangon littattafan kawai. A ɗora katako kan bulo biyu, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da gini. In an tashi, monita ya zuba littattafai a bokitin roba mai murfi.

Malamar aji 3: Yaro ɗan aji biyu hoto yake bi, saboda haka in aka jera littattafai sai ƙeyarsu ake gani, ba mai taɓawa. Ƙusa biyu da igiya daidai ƙirjin yaro, a rataya su fuska na waje. Ko tela ya ɗinka wa buhun shinkafa aljihuna shida. A fito da 15 kawai, a canja bayan mako biyu. Sabon littafi kuwa a bi gadon bayansa da salatif tun kafin ya shiga hannu. Mai neman labaran Hausa ya duba shafin intanet na African Storybook, kyauta ake saukewa a buga.

Malamin aji 1: Matashin jingina ma: ƙyallayen tela a cikin buhu. Ban da ƙaiƙayi, ɓera yake kira.

Hedimasta: Malama, abin da ke kashe lungun nan shi ne a ce sai wanda ya gama aiki zai shiga. Masu saurin rubutu ke mamaye shi, wanda bai iya haɗa baƙi ba ko sau ɗaya ba zai taka tabarmar ba. Ki raba su rukuni tara, ki manna jadawali, kowane rukuni minti 15, biyu a rana. Kuma kada a tura mai surutu can da sunan horo.

Malamar aji 2: Na gode ƙwarai. Takalma fa?

Malamar aji 3: Ki ja layi da alli a bakin tabarma, a nan ake cirewa.