Ƙungiyarmu ta masu amfani da ERPNext na neman mutuwa

Mai kayan gini: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina lissafin siminti da rodi a kan ERPNext, manhajar kwamfuta ta lissafin kasuwanci. Mun haɗu mu kusan talatin a WhatsApp don taimakon juna, amma yanzu kowa tambaya yake jefawa, mutum biyu kacal ke amsawa. Ɗayan ya gaji ya yi shiru. Abin na damuna ƙwarai. Ni ban iya rubuta manhaja ba, me zan iya yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba sai ka iya ba. Kamfanin Frappe na Mumbai ya saki ERPNext gaba ɗaya ƙarƙashin lasisin GPL, wato izinin da ya ba kowa damar amfani da manhajar da gyara ta, kuma kowa na iya kai rahoton matsala a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajar. In rasit ya fito da kuskure, ɗauki hoton allo, rubuta sigar da kake amfani da ita da abin da ka danna kafin nan. Irin wannan rahoton na rage wa mai gyara wahalar yini guda.

Hajiya mai atamfa: Mu a tamu ƙungiyar, ga dokar da muka kafa: wanda aka warware wa matsala, shi zai rubuta yadda aka yi da Hausa. Kuma ba a yi wa sabon shiga tsawa, ko tambayarsa ta sha maimaituwa.

Injiniya: Haka ne, Hajiya. Dubi Odoo na Beljiyam, wanda shi ma manhaja ce irin ERPNext: a 2015 suka raba shi gida biyu, na kyauta da na kuɗi. Ƙungiyar OCA, ta masu taimakon juna a kan Odoo, ita ke riƙe da ɗimbin ƙananan manhajojin da ake ƙara wa na kyautar, kuma sai wasu sun duba aikinka kafin a karɓa.

Mai kayan gini: Na gode. Yau zan kira wanda ya yi shiru in ba shi haƙuri.