Keke da hawan Kufena ba wanda ya ce uffan, gurmi ne ya tayar da ƙura a gidanmu

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, masu gatse don Allah ku ɗaga mini ƙafa yau.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya. Ranar Asabar bayan sallar asuba nakan hau kekena daga Tudun Wada, in bi ta Wusasa, in jingine shi wajen wani mai shayi, sannan in hau dutsen Kufena da ƙafa. Wanda bai taɓa hawa ba ba zai gane ba. Cinya na zafi, numfashi na sama-sama, amma da ka kai can ka juyo ka ga gonaki da ragowar tsohuwar ganuwa, sai hayaniyar aji ta mako guda ta fita daga kanka. Wannan duk gida sun sani, har baffana yana yabawa, wai shi ya sa ban yi tumbi ba.

Matsalar ta faro ne da na sayi gurmi a hannun wani dattijo a kasuwar ƙauye. Tun ina yaro sautinsa ke taɓa ni. Nakan naɗe shi a tsohon zane in ɗaure a bayan keke, in na hau dutsen in zauna in yi ta ƙoƙarin fitar da kiɗa, ba waƙa, ba mai sauraro sai awaki. Wani yaron unguwa ya ɗauke ni a waya, abin ya zagaya har ya isa gida. Baffa ya kira ni zaure ya ce, "Mu ba mu gaji roƙo ba, kakanka alƙali ya yi wa magatakarda." Uwargida kuma damuwarta kada gobe a ce wa 'ya'yanmu 'ya'yan makaɗi.

To ina tambaya: a ƙasar Hausa mutum ba zai iya kiɗa don jin daɗin ransa ba, sai an ce maroƙi ne? Sannan masu sani, me ya sa da safe sautin ke mutuwa kamar an jiƙa shi?

Mushe Damagaram:

Wa alaikumus salam abokin aiki. Ni ma alli nake riƙo, a nan Damagaram. In baffa zai saurara, ka ba shi labarin marigayi Malam Maman Barka. Mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta, yana koyar da yara yana kuma kaɗa gurumi, har duk Nijar ta san shi da shi. Daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi wajen ƙabilar Buduma ya koyo biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa, ya zagaya duniya da shi. Ya rasu a 2018, kuma har ya koma ga Allah "Malam" ake kiran shi. A Yamai ma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, an tara kayan kiɗan gargajiya a ciki, ɗalibai na shiga kamar kowace makaranta.

Abin da ke ban mamaki, a nan in lokacin kokowar takobi ya zo, wadda aka faro a Tawa a 1975, jihohi takwas kowace da 'yan kokowarta, gwamna da liman da ɗan kasuwa duk suna gaban talabijin. Wa ke zuga 'yan kokowar? Makaɗa. In an cire ganga a filin nan rabin daɗin ya tafi. Muna son kiɗan, ba mu dai son a ce namu ne ke yi.

Maman Hanifa:

Malam, ni dai zan tsaya wa matarka kaɗan. Kai kana kan dutse kana shan iska, ita ce ke zuwa biki da suna, ita ake jefa wa habaici. Ka zauna da ita tukuna kafin baffa. Mu ma ai mun yi shantu da kiɗan ƙwarya a cikin gida muna 'yan mata, ba a taɓa kiranmu zabiyoyi ba, don ba mu fita mun karɓi ko sisi ba. Ina ga bidiyon nan ne ya ɓata lamarin, ba gurmin ba.

Sarkin Fawan Intanet:

Hajiya ta taɓo wurin. Roƙo ba a hannu yake ba, a baki yake. Maroƙi shi ne wanda ya kama sunan mutum da na ubansa ya wasa shi don a ba shi. Makiyayi da ke busa sarewa a bayan shanunsa wa ya taɓa ce masa maroƙi? Haka yaran da ke kaɗa gwangwani suna langa da daddare.

Ni gidan mahauta na tashi, kalangu namu ne, shi ke kiran mu ranar yanka, shi ke kiran mu filin dambe. In mai kalangu ya matse tsirkiya a hammata ya saki taken ɗan dambe, za ka ga ƙato ya miƙe jikinsa na tsuma, ya naɗe zare a hannu ya shigo fili yana kirari. Turmi uku ne, wato zagaye uku, ko a yi kisa, wato a kayar da ɗaya, ko a raba. Ɗan dambe Shago da kansa, da ba don mawaƙinsa Ɗan Anace ba, yau wa zai riƙa ambatonsa? Amma mu da muka girma a ciki mun san bambancin mai sana'ar da mai sha'awa. Kuma ka tuna wa baffa, Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba, da kiriniya ya fara a dandalin Musawa. Sai dai kada ka yi saurin kawo wannan misalin, don ƙarshenta shi sana'a ya mai da ita, baffa zai ce ka ga abin da nake gudu.

Batun sauti kuwa, fata ce. Sanyin safiya da raɓa na sa ta saki, musamman da damina. Ka bar naɗe shi a zane, zane na shan laima. Sa shi a leda sannan a jaka. In ka kai sama ka ajiye shi fatar na kallon rana na ɗan lokaci, ka ƙwanƙwasa da yatsa, in ka ji ta yi kauri-kauri ta amsa, to ta ɗame. Da hunturu kuma akasin haka ne, kada ka bar shi a rana, ƙwaryar na iya tsagewa.

Abu Sumayya:

Ɗan'uwa, motsa jiki abu ne mai kyau, ka riƙe shi. Kayan kiɗa masu tsirkiya kuwa malamai sun yi magana a kansu, da yawa sun hana, wasu sun sassauta. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi kai tsaye, ba mu 'yan waya ba. Kuma baffa uba ne, ko ba ka gamsu ba kada murya ta ɗaga.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Hanifa, maganarki ta shige ni, da ita zan fara yau da daddare. Abu Sumayya, in sha Allah zan tambaya. Sarkin Fawa, leda ta samu. Amma tsirkiya ɗaya ta fara sili-sili wajen wuyan, a ina ake samun ta a Zariya, ko sai na koma wurin dattijon?

Sarkin Fawan Intanet:

Koma wurinsa, ka tafi da goro. Ka zauna ka ga yadda yake ɗaurawa, don gaba kai za ka riƙa yi. Mushe kuma, kokowarku ta takobi muna gani, amma ka zo gidan dambe na Dei-Dei a Abuja ranar da Kudu ta haɗu da Arewa, sannan mu yi maganar inda kiɗa ya fi tashi.