Koci mai tsawa ne ke haɗa kan yara?

Koci Bello, Gusau: 'Yan ƙasa da shekara 15 ba a neman shawararsu. Atisaye daga la'asar zuwa magariba ne, minti 90 da ƙyar. Ka tsaya jin bakin yaro 22, duhu ya same ka ba a taɓa ƙwallo ba. Ɗaya ya makara, kowa ya zagaye fili sau biyar. Gobe su da kansu za su taso shi daga gida.

Malama Hadiza, Ƙaura Namoda: Koci, za su taso shi, amma fas ba zai ƙara gani ba. Hukuncin bai-ɗaya kan jawo wa yaro ɗaya ƙiyayya, alhali watakila shago ko Islamiyya ta riƙe shi. A cire shi shi kaɗai daga minti 10 na farkon wasa, ya wadatar.

Malam Nasiru, Talata Mafara: Haɗin kai iri biyu ne, kamar yadda Albert Carron, masanin halayyar 'yan wasa, da abokan aikinsa suka rarrabe a 1985: na aiki cikin fili, da na zumunci. Tsawa ba ta gina ko ɗaya, shiru take kawowa. Ku lura da masu tsaron baya a ƙungiyar koci mai zafi: ba mai cewa "bar mini" ko "mutum a bayanka". In an zura musu ƙwallo, benci suke kallo, ba juna ba.

Koci Bello: To Malam, a bar yara su zaɓi wanda zai fara?

Malam Nasiru: A'a. Jeri, canji da dabara na koci ne. Dokar makara da ta zagi ce za su tsara da bakinsu, kada ta wuce guda huɗu. Gyara kuma a gefe, cikin jimla ɗaya: "Buɗe jikinka kafin ƙwallo ta iso."

Malama Hadiza: Sannan a farfasa rukunin unguwa. In 'yan Tudun Wada na wa juna fas kawai, a yi huɗu da huɗu, a sauya abokai duk minti 8. Kambun kyaftin ya zaga kowane mako.

Alhaji Garba, alƙalin wasa: 'Yan'uwa, kun bar babbar ɓaraka. Koci ya sako ɗan shekara 18 cikin 'yan 15, ko ɗan wanda ya sayi jesi ya buga minti duka. Yaron da bai taɓa fashin atisaye ba yana benci yana lissafi. Mako uku, ya tafi da abokansa biyu.

Koci Bello: Wannan na yarda, Alhaji. Kowa ya samu minti 20. Amma usur yana hannuna.