Coci sun ce mu riƙa fakin a filinsu ran Juma'a, mu karɓa?

Baban Amira:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Masallacin Juma'armu da wani coci a layi ɗaya muke, tsakaninmu bai fi gida shida ba. Duk Juma'a da ƙarfe ɗaya ta yi shi kenan hanya ta toshe, motoci da babura har bakin get ɗin mutane, sahu kuma ya fito har kan titi. Juma'ar da ta wuce da idona na ga wata mata da yaro a kafaɗa duk ya galabaita, ta fito daga mota tana roƙon a matsa mata ta kai shi asibiti, wanda ya tare ta kuwa yana can sahun gaba an riga an tada sallah. Wallahi har yau abin na raina. To shekaranjiya sai ga fasto da dattawansu biyu sun zo wajen liman, suka ce filinsu ba kowa ran Juma'a mu riƙa ajiye motoci a ciki, mu kuma ran Lahadi mu bar musu harabarmu. Kwamiti ya rabu biyu, wasu na cewa alheri ne wasu na cewa daga fakin ba a san inda za a tsaya ba. Ya kuke gani?

Ɗalibin Ilimi:
Wa alaikumus salam Baban Amira. Ni dai ban ga abin ja ba, mota za ka ajiye ba ibadarsu za ka shiga ba. Ka duba Suratul Mumtahana aya ta 8, Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba, kuma hadisin da Jibrilu ya yi ta wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci yana Bukhari da Muslim, bai ce sai maƙwabci musulmi ba. Abin da ya kamata ya tada wa kwamitinku hankali shi ne tare hanyar nan, don hanya tana da haƙƙi kuma kawar da cuta daga kanta na cikin imani. Mu je neman lada mu dawo da alhakin yaro mara lafiya?

Maman Rahila:
Yayana sannu da ƙoƙari. Ni Kirista ce kuma gaskiya mu ma muna da namu laifin, ran Lahadi haka muke cika layi, ga ganga ga lasifika tun safe, ranar da ake kwanan addu'a kuwa maƙwabta ba barci. Ana karanta mana Matiyu 22:39 ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, amma muna fitowa mu ga mun tare ƙofar wani. Abin da faston nan ya yi ba sabon abu ba ne, a Urushalima mabuɗin cocin kabarin Yesu yana hannun iyalan musulmi shekaru ɗaruruwa, su ke buɗewa su ke rufewa. A Masar ma a 2011 a dandalin Tahrir Kiristoci sun riƙe hannun juna sun kewaye musulmi har suka idar da sallah, hoton nan duk lokacin da na gani sai na ji ƙwalla. Ku karɓa don Allah, ba ƙaramin abu ba ne dattawa su taka ƙafa su zo.

Tsohon Ladan:
Ɗana ban ce kar ku karɓa ba, amma ku rubuta a takarda kowa ya sa hannu, don liman na canzawa fasto ma ana masa canjin wuri. Ku sa lokaci, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kuma samarinku su tsaya su tsara motocin su share wurin kafin su tafi. Sannan ku tuna Juma'ar da ke gaban Ista su ma da rana suke sujadarsu filin ba zai samu ba, haka idan Idi ya faɗo Lahadi ku ne za ku buƙaci harabarku da safe. Irin waɗannan ranakun ne ke kawo faɗa in ba a yi magana tun da wuri ba. Maganar lasifika ma a sa ta ciki, ta kowa.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Baba wallahi maganar Juma'ar Ista ko kaɗan ba ta zo mana ba. Maman Rahila mun gode Allah ya bar zumunci. Gobe bayan isha'i kwamiti zai zauna zan karanta musu duka, matsalar da ta rage sahun da ke fitowa kan titi ne, don ko an kwashe motocin mutane sun fi ƙarfin masallacin. Akwai wanda aka taɓa magance wannan a wajensu?