Matata na fama da kansar mama, ina neman shawara

Baban Ummi:
Salam jama'a. An gano matata na da kansar mama, an yi mata aiki yanzu ana kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin kansa, duk bayan sati uku, gashinta ya zube, ko ƙanshin girki ba ta so, ni kuma a gabanta ina daurewa amma da na shiga mota sai hawaye. Dangi sun dage wai jifa ne a bar asibiti. Ya zan yi?

Maman Biyu:
Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya. Don Allah ɗan'uwa kar ku bar kemon nan, addu'a da magani ai tare suke tafiya. Mijina ya yi kansar hanji, na san wannan kukan na ɓoye. Ba ta kunu ko fate kaɗan-kaɗan, kar ka matsa mata. Gashi kuma yana dawowa in an gama.

Nas Hauwa:
Abu ɗaya, in zazzaɓi ya kama ta tsakanin allurai kar ku jira gari ya waye, kemo na rage ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, ku tafi asibiti a daren.

Dattijo:
Tawa ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma wadda suke layi tare a asibitin Shika da ke Zariya tana nan da ranta har ta aurar da 'yarta. Ka samu ɗan'uwa ɗaya da za ka riƙa faɗa wa damuwarka, kuma ka raba aikin jinya da ƙannenta, kai kaɗai ba za ka iya ba.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Jibi ne allura ta uku, ku sa mu a addu'a.