Musayar waƙa: me ke hura wutar Jos?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum ƴan gida, ƙafiyar yau "ya" ce, kowa ya kawo nasa amma dan Allah banda taɓa addinin kowa. Bismillah:

Juma'a ce, bakwai ga Satumba, 2001,
Daga unguwar Kongo-Rasha wuta ta tashi ta zagaya,
Wanda muka sha kunu da shi jiya a ƙwarya,
Yau ya gan ni ya kau da kai, na gan shi na juya baya,
Fushi ne ya cinye Jos, ni dai a nan na tsaya.

Ƴar Anguwan Rogo:
Wa alaikumus salam, Yaya ka yi ƙoƙari amma wlh ban yarda ba, fushi ai kwana uku ne soja su fito a sa dokar hana fita kowa ya huce, tsoro ne baya tsufa

Fushi wutar kara ce, ta ci ta mutu tun jiya,
Tsoro ne ya raba unguwanni, ya ja layi a zuciya,
Mai Napep ya hango iyaka, sai ya ce sauka Hajiya,
Taya ta fashe a kasuwar Taminus, kowa ya watsar da kaya,
Tun bam na 2014, in ka taka sai ka waiwaya.

Kawu Bukuru:
Ƴaƴana duk kun taɓo, amma kun tsallake babban, baƙin cikin da ba a share ba, duk da kwamitocin binciken rikicin Jos da Fiberesima, Niki Tobi da Ajibola suka jagoranta. Ku yi haƙuri da baitina, tsoho ne, numfashi gajere.

Fiberesima ya zauna, Niki Tobi ya yi tambaya,
Ajibola ya rubuta nasa, duk aka yi musu ajiya,
Kisan ƙauyukan Kuru Karama da Dogo Nahawa, 2010, kuka iri ɗaya,
Mai kisa na yawo a kasuwa, ko ɗigon kunya,
Uwa ta haɗiye kukanta, ta shayar da ɗan da ta goya,
Jaririn rikicin 2008 yau saurayi ne, gadonsa ramuwar gayya.

Ɗan Gangare:
Kai Kawu, wannan na ƙarshen ya dake ni. Gajeren numfashi ina, baiti shida fa ka zubo

Maman Tudun Wada:
Sannunku da aiki. Ni daga coci na dawo na tarar kun cika wajen da baƙin ciki kamar shi kaɗai Allah ya halitta mana, to ga nawa, Kawu a gyara min in na karya

Ku tuna ƙauyen Nghar na Barkin Ladi, a harin Yunin 2018 an sha wuya,
Liman Abubakar Abdullahi ya buɗe masallaci, bai yi tambaya,
Kirista sama da 200 ya ɓoye, ya tare ƙofa ya tsaya,
Shi ma fa yana da tsoro, tausayi ne ya rinjaya.

Ƴar Anguwan Rogo:
Mama Allah ya saka wa Liman da alheri, amin, amma ai shi ya sa har Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, da irinsa sun yi yawa wa zai lura

Mama na ji, na kuma yarda, batunki gaskiya,
Amma in na ce zan kama haya a layinku, ki faɗa min ba ƙarya,
Mai gida zai ban makulli, ko zai ce an riga an biya?

Maman Tudun Wada:
Hmm ƴata kin kama ni. Zai ce an biya. Ni ma in na zo Anguwan Rogo haka naku zai ce min

Kawu Bukuru:
Maman yara wannan ba baiti ba ne, kin ci tara, ki dawo da ƙafiya. Sannan "bai yi tambaya" ɗinki ya rasa "ba" a ƙarshe, na bar miki saboda ƙafiya. Ɗan Gangare kai ma baitinka na huɗu ya yi tsawo, a rage shi kafin isha'i.