Fuskar Kakana ta ƙi fita da fentin ruwa, ina neman shawara

'Yar Gangare:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar zane, musamman masu aiki da fentin ruwa.

Ni malamar firamare ce a nan Jos, aji 3 nake riƙe da shi. Ban taɓa zama ajin koyon zane ba. Shekara biyu ke nan da na sayi ɗan akwatin fenti mai kala 12 a Taminus, don in riƙa yi wa yarana hotunan da zan manna a bangon aji: tumatir, tulu, keke, ganyen rogo. Ina yi ina yi har hannu ya faɗa. Na koma duk ranar Asabar in na idar da la'asar sai in ɗora takarda a bayan faranti in zana abin da ke gabana.

Ga abin da ya kawo ni. Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, ya baro ƙasar Kano yana saurayi ya zo aikin kuza. A nan ya yi aure, a nan aka binne shi, ban riske shi ba. Hotonsa ɗaya ne tak a duniya, baƙi da fari, bai kai tafin hannu ba, kuma ruwa ya taɓa shi ta gefen hagu har kunci da kunne sun goge. Mama ce ke ajiye da shi cikin wani tsohon gwangwanin alewa tare da katin asibitinta. Idonta ya yi rauni yanzu. Kwanakin baya na shiga ɗakinta na same ta a bakin taga, ta kai hoton dab da hancinta tana karkata shi wajen haske, sai ta ce mini, "Hular kawai nake gani." Tun ranar na ƙudurta zan zana mata shi babba, yadda za ta ga mahaifinta ba sai ta matse ido ba. Na fara kai wa masu kwamfuta su ƙara masa girma, ya fito dishi-dishi kamar ana hango mutum cikin hazo.

Takarda 11 na ɓata. Hula tana fita, riga tana fita, da na zo kan fata sai komai ya lalace. Mama ta ce shi baƙi ne sosai, to ina haɗa ruwan ƙasa da baƙi, sai fuskar ta zama kamar an yaɓa taɓo, babu rai a cikinta. Ga hunturun bana, kafin in wanke buroshi in dawo in sassauta gefen inuwa har ya bushe ya bar layi. In na koma da ruwa in gyara, takardar ta kumbura ta fara saɓulewa.

Yaya kuke fitar da baƙar fata da fentin ruwa? Sannan ku da kuka daɗe, me ke riƙe ku in aiki ya ƙi? Daren jiya na naɗe kayan na tura ƙarƙashin gado, na yi kuka.

Tsohon Malamin Zane:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Kaka, ya ƙara wa Mama lafiya.

Da farko ki ciro baƙin nan daga akwatin ki kai wa yaran ajinki. Shi ne ya ɓata miki takarda 11. Fatar mutum ba ta da baƙi irin na gawayi, komai duhunta. Gobe da safe ki zaunar da Mama a bakin tagar nan ki dube ta da kyau, kallon mai son gani. Za ki ga goshinta yana ɗaukar shuɗin sama, kumatu da leɓe akwai ja a ciki, ƙarƙashin haɓa kuma ya karkata wajen shunayya. Mu da baki muke cewa wane baƙi ne, wance wankan tarwaɗa ce, amma ido abin da yake gani ya fi haka yawa.

Kala uku sun ishe ki. Akwai jar ƙasa da ake kira siyena, sunan wani gari ne a Italiya, ki nemi ƙonanniyar. Akwai shuɗin altramarin. Sai ja guda ɗaya. In kika haɗa siyena da altramarin za su ba ki duhu har ya kusa baƙi, amma mai numfashi, kuma kina iya karkata shi wajen ɗumi ko wajen sanyi gwargwadon wanda kika rinjayar.

Abu na biyu, ba a kai wa duhu a shafa ɗaya. Shafar farko ki tsinka ta da ruwa sosai, kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ki bi fuskar duka da ita, amma ki bar farin takarda a tsakiyar goshi, karan hanci da leɓen ƙasa. A fentin ruwa farin takarda shi ne haskenki, in kika rufe shi ya tafi ke nan. Sai ki ɗauke hannu. Ki taɓa da bayan yatsa, in kin ji sanyi to da sauran ruwa a ciki, ki ƙara jira. Ya bushe ƙarau, sai ki ɗora ta biyu a inda inuwa take kaɗai, sai ta uku a kwarmin ido, ƙarƙashin hanci da wuya. Taɓon da kike gani, rabinsa daga komawa kan fentin da bai gama bushewa ba ne, buroshi ya tono na ƙasa ya cakuɗa shi da na sama. Ta nan hunturun da kike kuka da shi zai yi miki rana, don abin da ɗan Legas zai zauna yana jira ke cikin ɗan lokaci kin samu.

Takarda kuwa, ina zaton kwalin da kuke aikin aji da shi kike amfani da shi. Ba zai ɗauki ruwa ba. Ki nemi mai kauri, wadda aka rubuta giram 300 a jikin kunshinta, in da hali ta auduga, irin su Arches ta Faransa ko Fabriano ta Italiya. Da tsada, na sani. Ki sayi falle ɗaya ki raba huɗu, kuma bayanta ma ana aiki da shi.

Kada ki ga laifin hannunki. Yawancin darussan da ke YouTube kan farar fata aka gina su, ma'auninsu ba zai zauna kan fuskar Bakano ba. Mu da muka yi karatu a Zariya mun tarar da labarin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 suna ɗalibai, a kan cewa a karɓi dabarar Bature amma a zana abin gida da idon gida. Abin da kike fama da shi reshen wannan ne.

Kuma ki samu wata Asabar ki shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, ki tsaya gaban kawunan Nok, wato kawunan mutum-mutumin yumɓu na mutanen da can. Masu haƙar kuza irin Kakanki ne suka fara tono su daga ƙasa, tun 1928. Ki zagaya su ki ga yadda goshi ke fitowa, ido ya shige, haɓa ta dawo. Kai abu ne mai gaba da gefe da ƙeya, hoton kati kuwa ya daddanne shi.

Mai Zayyana:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ba mai zanen fuska ba ne, zayyanar allo nake yi wa masu sauka a Anguwan Rogo, amma matsalar bushewa tamu ɗaya ce. Abin da ke riƙe fentinki a takarda shi ne ke riƙe tawadarmu a allo, wato ƙaro, na jikin dakwara da ake kawowa daga Borno, Yobe da Jigawa. In iska ta yi yawa ni ɗigon zuma ɗaya nake sakawa a ruwan haɗi, yana jinkirta bushewa. Ɗigo ɗaya fa. In ya wuce haka zai yi danƙo ya ƙi bushewa, tururuwa kuma su same ki. Ki jiƙa bayan takardar ki shimfiɗa ta kan tawul mai laima, sannan ki yi aikin bayan asuba kafin iska ta tashi, taga a rufe.

Sai magana ɗaya, don Allah kada ki ɗauke ta da zafi. Kin san akwai zancen malamai kan zanen abu mai rai. Ya zo a Bukhari cewa Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar hoto, in ba makawa sai ya yi, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne mai jiki da inuwa wanda gaɓoɓinsa suka cika, na kan takarda an sassauta, wasu malaman kuma sun hana duka. Ni ba mai fatawa ba ne. Ki tambayi malamin da kika natsu da shi, don ki yi aikinki zuciyarki a kwance.

Ɗan Kubwa:

Anti, ni a Abuja nake, fensir da gawayi nake yi, ana ba ni aikin hotunan biki da na ranar haihuwa. Gaskiya a ganina kin ɗauko hanya mai nisa. Hoton baƙi da fari ne, me zai hana ki yi shi da fensir? Kin yi kuskure ki goge, babu ruwan ki da hunturu.

In kuma kin dage, kafin fenti ki tabbatar kamannin sun zauna. Ki ɗauki hoton da waya, ki ja masa layuka gida-gida, ki ja irinsu a babbar takarda da fensir mara nauyi, ki kwafa gida bayan gida. Ki juya hoton kai ƙasa lokacin da kike yi. Da ya juye, ƙwaƙwalwa ta daina ce miki ga ido ga hanci, sai ki zana abin da ke wurin. Kama tana tsakanin ido da ido, da tsakanin hanci da leɓe. In waɗannan suka kauce ko kaɗan, wani mutum kika zana.

Abin da ke riƙe ni kuwa, ba zan ɓoye ba, da shi nake biyan haya. Kuma kada a raina sana'ar. Hoton Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, fuskar mace ɗaya ce, an sayar da shi a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2.

Tsohon Malamin Zane:

Ɗana, dabarar layuka da juya hoto daidai ce, ta bi ta. Amma ban goyi bayan fensir ba. Mama tana da baƙi da fari a gwangwani tun tuni. Wanda ta sani mutum ne mai jini a jika, kuma idon da ya raunana ya fi kama launi a kan toka-toka.

'Yar Gangare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana tara ne don ina son in dawo da labari.

Malam Mai Zayyana, ban ji zafi ba ko kaɗan. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, na kuma natsu da abin da ya gaya mini. Daga kafaɗa zuwa sama nake yi, kuma ba bango za shi ba, wurin Mama zai zauna. Zuma ta yi aiki. Ƙanena na Kubwa, layukanka sun nuna mini duk takardun baya na buɗa tsakanin idanunsa fiye da kima, shi ya sa yake kama da wani baƙo.

Baba, na cire baƙin. Safiya uku Mama tana zama mini a bakin taga da mayafinta da kofin kunu, ina koyon fata a kan fuskarta. Wallahi shuɗin yana nan a goshinta, shekara nawa ina kallonta ban taɓa gani ba. Tana zaune tana ba ni labarinsa, yadda yake dawowa daga bakin aiki ƙafafunsa jajur da laka har gwiwa, ya zauna kan turmi ta zuba masa ruwa, ita tana 'yar shekara bakwai. Ban taɓa jin wannan ba sai da zane ya zaunar da mu.

Takarda ta 12 na yi gaggawar shafa ta uku, ta caɓe. Ta 13 na bi a hankali, kwana biyu, shafa huɗu. Jiya bayan azahar na kai mata. Ta riƙe da hannu biyu, ba ta kai shi kusa da hanci ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta sa yatsa a kuncin hagu, gefen da ruwa ya cinye a hoton, ta ce, "Ina billensa?"

Ban san yana da bille ba. Babu wanda ya taɓa faɗa mini. Yanzu tsoro nake ji in taɓa takardar in lalata abin da na samu. Baba, yaya zan sa shi a kan fentin da ya riga ya bushe?

Tsohon Malamin Zane:

Alhamdu lillahi. Kada ki yi shi da ka, 'yata. Ki ce Mama ta ja miki shi da yatsa a kan nata kuncin, daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya, ki lura da tsawonsa da karkatarsa. Ki haɗa siyena da altramarin ya ɗan fi fatar wurin duhu, ruwa kaɗan, ki gwada da tsinin ƙaramin buroshi a bayan takardun nan 12 har hannunki ya saba. Sannan ki ja shi sau ɗaya, kada ki koma. In ya bushe, ki wanke buroshin ki matse shi, ki bi gefen da ke fuskantar haske a hankali ki ɗauke fenti siriri ki danna da tsumma mai tsabta, don tsohon tabo gefensa yana ɗan ƙyalli. Ki yi shi da safe, Mama tana kusa da ke.